Sababbin Kayan Surfani da na Sa Aiki a Firam: Abin da Na Gwada da Abin da Na Gani

Jawabin da wata 'yar ƙungiya mai koyar da surfani ta gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro, da ya ga dacewar ba ni dama in tsaya gaban malamaina in yi magana. An ce in taɓo wani abu game da sana'ata. Sana'ata kuwa, kamar yadda da yawa daga cikinku suka sani, ita ce surfani, wato ɗinkin ado na hannu, wanda a wannan makaranta aka fara damƙa mana allurarsa. Yanzu da shi nake ci, da shi nake sha, kuma ina da ɗan aji a gida inda nake koya wa matan aure da 'yammata. Tun da lokacin da aka ba ni kaɗan ne, zan tsaya a kan abu guda, wato sababbin kayan aiki da suka shigo kasuwa, na ɗinki da na sa aiki a firam, waɗanda ni da ɗalibaina muka shafe fiye da shekara muna gwadawa.

Dalilina na zaɓen wannan magana biyu ne. Na farko, duk sa'ad da na haɗu da 'yar ajinmu na tambaye ta labarin allura, amsar ɗaya ce: "Ai ido ya tafi, ko zare ba na iya zurawa." Na biyu, da wuya wata ya wuce ba a kawo mini aikin da ya lalace cikin firam ba, ana roƙo in gyara. Sau da yawa aikin mahaifiya ne ko na kaka wadda ta riga mu gidan gaskiya, ba a kuwa da na biyunsa. Waɗannan matsaloli duka suna da magani, kuma yawancin maganin bai fi ƙarfin aljihun kowa a nan ba. Sai dai kasuwa ta cika da kaya, wasu na ƙwarai, wasu na cin kuɗi kawai. Hausawa kuwa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Inda muka fito

Kafin in shiga lissafin kaya, ya kamata mu tuna cewa mun gaji surfani tun kafin zuwan boko. Maɗinkan babbar riga na Zazzau da Kano da Bida ba su san zobe ko firam ba. Mai zane zai ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da aska takwas ko aska biyu da tambari a jikin riga, sa'an nan maɗinki ya ɗora ta a gwiwa ya bi zanen da zaren tsamiya ko na alharini, wata da watanni. Wannan aiki ya kai matsayin da wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi digirinsa na uku a kansa a shekarar 1979.

Zoben katako da ɗinkin gicciye da shimfiɗar tebur mai furanni kuwa ta hanyar makaranta suka zo mana. Haka keken ɗinki, wanda Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka a 1851, shi ma baƙo ne, ga shi yau kusan ba a haɗa kayan ɗakin amarya ba tare da an yi maganarsa ba. Ke nan karɓar sabon kayan aiki ba baƙon abu ba ne a gare mu. Abin da nake tambaya a kan kowane sabon kaya shi ne: me yake yi wa yadi, me yake yi wa ido da hannu, kuma in ya lalace ana iya gyara shi a garinmu?

Abin ɗame yadi

Duk wadda ta taɓa yin ɗinkin ciko a kan yadi sako-sako ta san yadda yake tattarewa, ko dutsen guga ba ya miƙar da shi. Amfanin zobe ke nan, ya ɗame yadi tam kamar fatar ganga. Mun gwada zobe iri uku: na gora mai araha, na katako mai kauri, da na roba mai ɗan leɓe a ciki. Na gora bai daɗe ba ya karkace, yadi ya riƙa sulɓewa. Na roba yana riƙewa sosai, amma leɓen nan yana barin shati mai wuyar fita. Na katako mai sukuru na tagulla shi ya fi, musamman in aka naɗe zoben ciki da siririn ƙyallen auduga. In za ku saya, ku haɗa zoben biyu ku ɗaga su sama ta wajen haske. In kun hango rata tsakaninsu, ku ajiye wa mai kanti kayansa. Mai faɗin inci 6 zuwa 8 ya fi daɗin riƙo. Kuma ko wane iri ne, a cire shi daga yadi duk ranar da aka tashi aiki, don ƙurar hunturu da maiƙon hannu a bakin zoben suke taruwa su bar da'irar dauɗa.

Na biyu shi ne firam na bututun roba, wanda a Amurka ake sayarwa da sunan Q-Snap. Bututu huɗu ne ake haɗawa su ba da kusurwa huɗu, a shimfiɗa yadi a kai, a danne kowane gefe da wani ɓarin bututu da ke kamawa. Da na ga yadda aka yi shi, sai na kira mai gyaran famfo na unguwarmu, ya yanko fayif na rabin inci da gwiwa huɗu, ya tsaga wani fayif ɗin a tsaye don madanni, muka goge bakin da samfefa. Namu na gida ya fi zobe nauyi, hannu yana gajiya da shi, kuma sai an sa ɗan ƙyalle ƙarƙashin madannin don kada ya kwantar da ɗinkin da aka riga aka yi. Amma ga babban aiki kamar zanen gado ko shimfiɗar tebur ya yi kyau ƙwarai, don ba ya barin da'ira, in kuma yadi ya saki sai a murɗa madannin waje ya sake ɗamewa.

Na uku shi ne firam mai naɗi: sanduna biyu masu juyawa, sama da ƙasa, da katako biyu a gefe. Ana ɗinke bakin yadi a jikin sandunan, a naɗe wanda ba a kai gare shi ba, a bar wurin aiki kawai a buɗe. Ɗan'uwansa mai ƙarfi shi ake koyarwa da shi a Makarantar Surfani ta Masarautar Ingila, wadda aka kafa a 1872. Kowane kafinta zai iya yin sa in aka nuna masa hoto. Abin da ya fi burge ni shi ne mariƙi mai ƙafa da ake ɗora firam ko zobe a kai. Akwai na ƙasa, akwai wanda ake zama a kan gindinsa. Da shi hannu biyu duka suna aiki, ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashi, suna miƙa wa juna allura. Ɗalibaina masu aikin duwatsu sun ce ba za su koma riƙo da hannu ba, masu kukan ciwon wuya da kafaɗa kuma sun sami sauƙi.

To amma ga hula da babbar riga, hanyar iyayenmu ita ta ci. Mun gwada zobe a kan guntun shadda, sai ya kashe sheƙinta a inda ya kama. Daɗin daɗawa, in yadi ya ɗame dole a soka allura ƙasa, a jawo, sa'an nan a sake sokowa sama. Maɗinkin hula kuwa allurarsa tana shiga tana fita a motsi ɗaya, don yadin yana lanƙwashe a kan yatsansa. In aka sa shi a zobe an rage masa sauri ke nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ido da hannu

Yanzu na zo kan kukan 'yan ajinmu. Daga wajen shekara 40 ƙwayar idon ɗan Adam takan fara taurin da ke hana ganin abu na kusa sosai. Wannan tafiyar shekaru ce, kowa zai same ta in ya yi tsawon rai. Shawarata ta farko ita ce a je asibitin ido a auna, domin a tabbatar ba yanar ido ba ce, ko hawan jinin ido, ko illar ciwon sukari. In likita ya ce tabarau na karatu ne kawai, to an huta. Yawanci ƙarfinsa daga +1.00 ne zuwa +3.00. Ku tafi da ɗinkinku, ku nuna wa mai aunawa tazarar da kuke riƙe shi, don sau da yawa ta fi ta karatun littafi kusa.

Bayan tabarau sai haske. Mun gwada fitilu masu caji iri-iri, wadda ta fi mana amfani kuwa ita ce wadda ake ratayawa a wuya, mai kai biyu da ake lanƙwasawa su haska daidai inda allura take. A zaɓi mai farin haske irin na rana, don mai jan haske tana rikita launi, ka ɗauki shuɗi mai duhu a matsayin baƙi sai gari ya waye. Akwai kuma gilashin ƙara girma, wani na ratayawa a ƙirji, wani haɗe da fitilar tebur. Na tebur ya fi, don na ƙirji yana motsi da numfashi. Gargaɗi ɗaya: a rufe shi da ƙyalle in an gama, domin in rana ta faɗo a kansa ta taga yana iya tara zafinta ya ƙone yadi, ko ma abin da ya fi yadi. Kuma kowane minti ashirin a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisa, ido ya huta.

Abin zura zare iri biyu ne. Mai siririyar waya ba ya jure zaren surfani, kwana kaɗan wayar ta tsinke. Mai 'yar ƙugiya ta falle ƙarfe shi ne mai ƙarko. Akwai kuma allura mai tsaga a ka, wadda ake danna zare ya faɗa kafarta da kansa. Ta yi daidai da ɗinkin maɓalli, amma a surfani tana cin zare tana sa shi gashi.

Game da allura kanta, ku riƙe cewa in lamba ta hau, allura sirancewa take yi. Mai tsini lamba 7 ko 8 ta dace da sili biyu ko uku na zare. Ɗinkin gicciye a yadin Aida mai ramuka 14 a kowane inci kuwa allura mara tsini lamba 24 yake so, don ta bi rami ba tare da ta huda zaren yadin ba. Allurar banza gumin hannu yana sa ta tsatsa, kafarta kuma tana da kaushi mai yanke zare. Araha ba ta ado. Wani ɗan abu da na raina da farko shi ne maganaɗisu biyu da ake mannawa, ɗaya a saman yadi ɗaya a ƙasa, a riƙa ɗora allura a kai. Duk mai jikoki masu rarrafe ta san fargabar ɓatan allura a kan tabarma. Sai dai shi ma maganaɗisun a nisanta shi da yara, don haɗiye shi haɗari ne babba.

Zare kuwa, wanda aka fi sani shi ne na kamfanin DMC, wanda asalinsa ya koma 1746 a garin Mulhouse na Faransa, da kuma Anchor. Ƙullin DMC mita 8 ne, sili shida, kowane launi da lambarsa, saboda haka in ya ƙare a tsakiyar aiki da lamba za a nemo ɗan'uwansa. Amma akwai jabu a kasuwa, da kuma zaruruwa marasa suna. Kowane zare ne, musamman ja da baƙi da shuɗi, a jiƙa guntunsa a sa tsakanin farin ƙyalle a danna da dutsen guga. In ya zuba a ƙyallen, zai zuba a aikin wata shida. Kada kuma tsawon zaren da ke allura ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu, in ba haka ba yana sarƙewa, yana kuma dushewa kafin ya ƙare.

Fitar da zane a yadi

Da takardar kabon ta ofis yawancinmu muka saba, ita kuwa tana ɓata yadi, ba ta kuma fita a wanki. Yanzu akwai biro iri uku. Mai shuɗiyar tawada ruwa ke wanke shi, kuma shi na fi amincewa da shi, da sharaɗi biyu: a ɗauraye da ruwan sanyi zalla kafin sabulu ya taɓa, kada kuma a yi guga a kansa, don zafi ko sabulu na iya zaunar da shi ya koma layi ruwan ƙasa. Mai launin shunayya da kansa yake ɓacewa cikin 'yan kwanaki, da damina ma ya fi saurin tafiya, saboda haka na aikin yini ɗaya ne.

Na uku shi ne wanda zafi ke gogewa. Da an ɗora dutsen guga layin ya ɓace kamar sihiri, ɗalibaina har da tafi. Amma tawadar tana nan a yadin, launinta ne kawai ke ɓuya in zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Selsiyos. Mun sa ƙyallen gwaji a firiza, da safe zanen ya dawo. A yadi mai duhu kuma yana barin farin shati. Wannan biro don takarda aka yi shi. In za a yi amfani da shi, to a inda ɗinki zai rufe layin gaba ɗaya. A kuma tuna cewa motar da aka ajiye a rana da bazara cikinta na iya yin zafin da zai share zanen tun ba a ɗinka ba.

Akwai allon haske mai caji, wanda ake ɗora zane a kai, a ɗora yadi, a bi layi. Yana da daɗi da dare, amma da rana gilashin taga yana yin aikin nan kyauta. Akwai kuma wata takarda mai narkewa a ruwa, wadda ake zane a kanta, a manna a yadi, a ɗinke, sa'an nan a wanke ta tafi. Ta magance wahalar zane a baƙin yadi, sai dai gumi da lema suna sa ta danƙo har allura ta riƙa kamawa, kuma ba ta dace da abin da ba a wankewa ba, kamar karan-miski.

Maganar inji

Na san wasu za su tambayi labarin inji. Keken Cornely mai ɗinkin sarƙa, wanda aka fara ƙerawa a Faransa tun ƙarni na 19, ya daɗe a shagunan telolinmu. Bayansa injin kwamfuta ya zo, irin su Tajima da Brother, wanda ake kira monogiram. Na zauna a shagon wani tela na ga inji ya gama cikin awa guda abin da hannu zai kwashe makonni yana yi. Abin sha'awa ne. Amma yana bukatar wuta tsayayya, da makaniki, da wanda ya iya tsara zane a kwamfuta. Wadda ba ta da masu kawo aiki a hannu kada ta ci bashi ta saye shi. Masu sayen hula da riga kuma sun san bambancin aikin hannu da na inji, suna kuma biyan bambancin.

Sa aiki a firam

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan nake roƙon ku saurare ni da kyau. Yawancin masu haɗa firam a garuruwanmu da hoto da satifiket suka saba. In aka kai musu surfani sai su shafa gam a katakon silin ko kwali, su manna, ko su bi gefen da salatif da ƙusar sitafula, su danna gilashi a kai. Ranar da aka karɓo ya yi kyau. Bayan 'yan shekaru sai gam ya ratso ya yi rawaya, ƙusa ta yi tsatsa da lemar damina, kwalin kuma ya mai da farin yadi ruwan ƙasa. Kun ga yadda tsohuwar jarida ke canza launi? Sinadarin asid ne da ke cikin itacen da aka yi takardar da shi, shi ne kuma ke fita daga kwali da katako ya ci yadi. Gilashin da ya danne ɗinki kuwa yana kwantar da zare, in ya yi gumi daga ciki kuma fumfuna ta tsiro. Tsatsa da gam in sun kama, sau da yawa sai dai haƙuri.

Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi ita ce kada a yi wa yadi abin da ba za a iya warwarewa ba. Ga yadda muke yi a ajinmu. Tun wajen yanka yadi a bar rarar santimita 5 zuwa 8 a kowane gefe. In an gama ɗinki a wanke da hannu a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye sosai, a naɗe cikin tawul ba tare da matsewa ba. A kife fuskar aikin a kan busasshen tawul a goge ta baya, don kada ɗinkin ya kwanta. Kada a sa sitaci, domin abincin ƙwari ne.

Sa'an nan a nemi allo mara asid. Wanda muka gwada muka ji daɗinsa shi ne wani allo mara nauyi, mai soso mai tauri a tsakiya da takarda a fuska biyu. Ana samun sa wajen masu sayar da kayan zane, amma sai an tambaya, don akwai mai asid akwai mara shi. In bai samu ba, a lulluɓe kwali mai kauri da wankakken farin yadin auduga ninki biyu, ya zama shamaki. A yanka allon ya gaza cikin firam da milimita 2 ko 3, don kaurin yadi. A daidaita aikin a tsakiya, a kafe gefe da fil, ana farawa daga tsakiyar kowane gefe ana tafiya kusurwa. Sai a juya baya, a ɗauki zare mai ƙarfi irin na saƙa, a zarga shi daga wannan gefe zuwa wancan kamar tsarkiyar kalangu, daga tsakiya zuwa waje, ana ja a hankali har fuskar ta miƙe. A maimaita a ɗaya ɓangaren, a ninke kusurwoyi a ɗinke, a cire fil. Wanda zai bar fil a jiki, to ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ranar da aka so wankewa ko canza firam, zaren baya kawai za a yanke, aikin ya fito lafiya.

Don hana gilashi taɓa ɗinki ana sa kwalin gefe, wato wanda aka yanke masa taga a tsakiya, ko siraran sanduna na roba da ake ɓoyewa a bakin firam. Mun sayi wuƙar yanka wannan kwali, mai yanka a karkace, mun kuma ga tana son hannu da ya saba, don haka wadda ba sana'a za ta yi ba ta bar wa mai firam. 'Yar bindigar da ke harba ƙananan ƙusoshi a bayan firam kuwa ta fi guduma, don guduma na fasa gilashi. Daga ƙarshe a rufe bayan da takarda mai kauri, saboda ƙura da kyankyaso da asu.

Wasu suna cewa a bar surfani ba gilashi. A ƙasar da ke da hunturu ban ba da wannan shawara ba. Gilashin roba ba ya fashewa, ba shi da nauyi, amma yana jan ƙura yana kuma karcewa. Akwai gilashi na musamman mai alamar UV, wanda ke tare yawancin hasken nan da ido ba ya gani mai kashe launi. Yana da tsada, sai don aikin da ba a da kamarsa. Ko da shi ma, wurin ratayawa ya fi muhimmanci. A gidajen tarihi ba a barin hasken da ke kan tufafi ya wuce luks 50 a ma'aunin haske, alhali rana tsaka tana kai wa wajen luks 100,000. Saboda haka kada a rataya aiki inda rana ke bugawa, ko jikin bango mai tsattsafo, ko kusa da madafa. Duk bayan damina a sauke a duba baya saboda gara. A kuma rubuta sunan mai aikin da shekarar da ta gama a takardar baya, don jikoki su san na wace ce.

In na taƙaita, wadda kuɗinta kaɗan ne ta fara da auna ido, sai fitilar wuya, sai allura ta ƙwarai da abin zura zare, sai zoben katako guda. Sauran kafinta da mai gyaran famfo za su yi mata a hankali. Wadda ke da aikin mahaifiyarta a bango kuma ta sauke shi yau ta duba bayansa. In ta ga gam ko tsatsa, kada ta ɓamɓare da ƙarfi, ta nemi wanda ya sani. Ga ƙungiya kuwa, in har za a taimaka wa ɗakin ɗinki na makaranta, kuɗin injin kwamfuta ɗaya zai wadata aji guda da zobba da allurai da zare da fitilu har a sami ragi, kowace yarinya kuma ta sami abin riƙewa a hannunta.

Na zo da samfurin duk kayan da na ambata, suna kan tebur a bakin ƙofa, tare da aiki guda da muka zarga a allo don a ga bayansa. Gani ya kori ji. Ina ƙara godiya ga malamanmu da suka yi haƙuri da mu, suna sa mu warware ɗinki mu sake har ya miƙe. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.